Taya mai faɗi a keken 26: a sauya rim ne ko a sauya wili gaba ɗaya?

Ɗan Ƙauye:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga masana. Keke ne na gwanjo, irin mai giya na hawan tudu, a jikin taya an rubuta 26 x 1.95, birkinsa kuma na V ne, mai kama gefen rim. Hanyar da za a riƙa bi da shi rabi burji ce rabi rairayi, wani lokaci da kaya a kariya kamar kilo 20 zuwa 25. Ana so a sa masa taya mai faɗi don ya daina nutsewa a yashi. Wannan rim ɗin zai ɗauki taya mai faɗin inci 2.4 ko 3.0? Ko gara a sayo wili 27.5 ko 29 a ɗaura? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a je ga rim, ajiye lambobin inci tukuna, domin su ne ke sa mutane asarar kuɗi a kasuwa. Duba gefen tayar da kyau, za ka ga wata lamba kamar 50-559. Ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu kuma girman da'irar rim ne, daidai inda bakin taya yake zama. Wannan ta biyun ita ce ba ta karɓar "kusan daidai". Ko ta yi daidai ko ba ta yi ba.

Abin da ake kira 26 kala-kala ne. Na keken tudu 559 ne. Kekunan gwanjo na Japan masu kwando, waɗanda aka rubuta wa 26 x 1 3/8, su 590 ne, tsakaninsu da naka milimita 31. 27.5 shi ne 584. 29 da 700C duk abu ɗaya ne, 622. Tsohon 27 x 1 1/4 shi ne 630, wato ya fi 29 girma a rim duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Baƙin keke irin su Raleigh da Phoenix da Hero, 28 x 1 1/2, shi kuma 635. Duk mai kantin da ya ce maka "ai 26 ne, zai shiga", ka ce ya nuna maka lamba ukun nan ta ƙarshe.

Injiniya:
Baba ya fara daga inda ya dace. Mataki na gaba ba rim ba ne, firem ne. Firem ne ke yanke hukuncin iyakar faɗin taya, rim biyo baya yake yi.

Ga yadda ake aunawa. A bar tayar yanzu a jiki, a ba ta iska yadda aka saba. A duba wurare huɗu: tsakanin ƙarafa biyun da suka taso daga gidan feda zuwa wilin baya, tsakanin biyun da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi, ƙarƙashin kan fok na gaba, sai kuma tsakanin kaca da gefen taya idan an sa giya mafi sauƙi, wato kaca tana kan ƙaramin faranti a gaba da babba a baya. Wurin da ya fi matsewa shi ne ma'auninka, kuma galibi bayan gidan feda ne.

Ƙa'idar kekunan tudu da na gari ita ce a bar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da ƙarfe ta kowane gefe. Hanya mai sauƙi: ɗauki alanki mai lamba 6, wato ɗan sandan kwance noti mai kaurin milimita 6, ka zura tsakani, idan ya wuce ba tare da gogawa ba, an sami 6. Lissafin kuwa haka yake: idan tazarar ƙarafan a daidai inda taya ta fi kumbura milimita 70 ce, cire 12, saura 58. Ke nan 2.25, mai milimita 57, ita ce iyakarka. 2.35 tana kusan 60, 2.4 kusan 61 zuwa 62, 3.0 kuwa 75 zuwa 76. Yawancin tsofaffin firem na 26 masu birkin V suna tsayawa tsakanin 2.1 da 2.35. Batun 3.0 a cire shi daga lissafi, ba za ta shiga ba.

Wannan milimita 6 ɗin ba ado ba ne. Wili yana ɗan lanƙwasawa idan an danna feda da ƙarfi ko an ɗora kaya, sifok ɗaya, wato wayar da ke riƙe rim, ya tsinke wili ya kaɗa, damina ta zo laka ta manne. Taya mai goga firem na alminiyam tana cinye shi a hankali har ta yi rami, kuma wannan wurin ba ya gyaruwa da sauƙi.

Ɗan Ƙauye:
Na gode. An auna: tazarar bayan gidan feda 71 ce, gaba kuma akwai wuri sosai. An cire taya, a jikin rim an ga 559 x 19. Me 19 ɗin ke nufi?

Injiniya:
Faɗin cikin rim ne, daga leɓe zuwa leɓe ta ciki, inda bakin taya ke maƙalewa. Shi ne ke da amfani, ba faɗin waje ba. Masu sayarwa da yawa na waje suke faɗa don ya fi girma a kunne: rim mai 25 a waje yana iya zama 19 kacal a ciki. Idan babu rubutu, a cire taya a auna da ma'aunin kanikawa mai baki biyu, ko da rula ma ana iya ganewa.

Rim mai 19 zai riƙe 2.25 lafiya, babu haɗari. Jadawalin masu ƙera taya na Turai ya yarda da 19 daga kusan milimita 28 har wajen 60. Da 17 ne, da sai in ce a tsaya wajen 50.

Ɗan Tsere:
Injiniya, da girmamawa, "zai riƙe" daban, "zai yi daɗin tuƙi" daban. Mai tambaya yashi yake son ratsawa, kuma abin da ke sa taya ta yi iyo a kan yashi ƙarancin iska ne, ba lambar da ke jikinta ba. Taya 2.25 da aka cika ta da 50 psi (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) za ta nutse kamar 1.95. Sai an sauke iska zuwa 22 ko 25 sannan take shimfiɗuwa. To a nan ne siririn rim ke nuna halinsa. Yana matse bakin tayar wuri guda, sama ta kumbura, ta zama kamar ƙwan fitila. Babu abin da ke tallafe gefenta, sai a kwana ta kwanta gefe ɗaya, mai tuƙi ya ji bayan keken yana lilo. Da kaya kilo 25 a kariya abin ya fi muni. Dole ya ƙara iska, ya koma inda ya fito.

Ni shawarata rim mai 25 zuwa 27 a ciki. Gefen taya zai miƙe tsaye, iskar da ke ciki ta ƙaru, a iya rage 3 zuwa 5 psi ba tare da lilo ba.

Injiniya:
Ban musa ba, amma a kula da abu ɗaya: rim mai faɗi yana ƙara wa taya faɗi. Gwargwadon abin da aka saba gani, kowace milimita 1 da aka ƙara a cikin rim tana ƙara kusan 0.4 a faɗin taya. Daga 19 zuwa 27 ƙarin 8 ne, taya ta ƙaru da milimita 3 da ɗoriya. 57 ta zama 60. Firem ɗinsa 71 ne, saura biyar da rabi a kowane gefe, an riga an shiga cikin tazarar da muka ce a bari. Ke nan idan zai ɗauki rim mai 27 sai ya sauko zuwa 2.1, mai milimita 54. Zaɓi biyu ne a gabansa: 2.25 a kan 19 zuwa 23, ko 2.1 a kan 25 zuwa 27.

Ɗan Tsere:
Ni na biyun zan ɗauka. 2.1 a kan 25 ta fi 2.25 a kan 19 natsuwa idan iska ta yi ƙasa.

Baba Mai Gyara:
Ku yara kuna ta lissafi kun manta da birki. Na V ne fa. Abu na farko, mafi yawan rim masu faɗi da ake yi yanzu don birkin faranti aka yi su, wato mai kama farantin ƙarfe a tsakiyar wili, gefensu ba shi da shimfiɗar da robar birki za ta kama. Wanda ya ɗaura irin wannan a keke mai birkin V ya sayi haɗari da kuɗinsa: birki ba zai kama da kyau ba, roba za ta zame ta ci gefen taya, kuma bangon rim ɗin siriri ne, ba a yi shi don gogayya ba. A nemi rim mai gefe a miƙe, mai sheƙi, wani ma da ɗan layi a tsakiya da ke nuna in ya cinye. A 559 ana samun masu 21 zuwa 25 a ciki irin wannan.

Na biyu, idan rim ya ƙara faɗi a waje hannayen birki za su buɗe su karkace. Maganinsa yana jikin robar birkin: kowace tana da zobban ƙarfe biyu masu kwarmi, mai kauri da siririya. Ga siririn rim mai kaurin ke ciki. In an koma rim mai faɗi sai a juya, siririyar ta dawo ciki, mai kaurin ta koma waje, hannayen su tsaya kusan a miƙe. A kuma duba wayar da ta gitta saman taya, kar haƙoran taya ko madigadi su taɓa ta.

Mai Faci:
Ni dai tambayata ga masu cewa a koma 29: idan taya ta tsage a ƙauye, wa ke da ita? Taya da tiyub na 559 da na baƙin keke kusan duk kasuwar mako ana samu. 27.5 da 29 masu faɗi sai manyan birane, su ma sau da yawa gwanjo ne.

Malamin Lissafi:
Ai ma ba za a kai ga wannan ba, Malam Mai Faci, don ba zai shiga ba. Daga 559 zuwa 584 bambancin 25 ne, rabinsa 12.5, wato bakin rim zai matsa sama da milimita 12.5. Robar birkin V ba kasafai take da wurin hawa haka ba. Zuwa 622 kuwa 31.5 ne, babu zancen. Ko da birkin faranti ne, wanda bai damu da girman rim ba, ƙarin girman wili yana cinye wurin da ake nema wa taya. Mai son taya mai kauri a firem ɗin da yake da shi, ƙasa yake saukowa da girman wili, ba sama ba.

Ga misalin da ya fi bayyana wannan. Tsayin wili gaba ɗaya kusan girman rim ne a haɗa da kaurin taya sau biyu. 622 da taya mai milimita 28: 622 + 56 = 678. 584 da taya 47: 584 + 94 = 678. Tsayi ɗaya, amma iskar da ke cikin ta biyun ta ninka fiye da sau biyu. Shi ya sa masu kekunan burji na 700C masu birkin faranti suke sa wili 584, girman da Faransawa suka daɗe suna kira 650B. Ƙarafan baya suna ƙara buɗewa yayin da suke kusantar hob, wato cibiyar wili, don haka ƙaramin rim yana kawo kumburin taya inda wuri ya fi yalwa. Haka ma 27.5 x 3.0 da 29 x 2.25: 584 + 150 = 734, 622 + 114 = 736.

Amfanin riƙe tsayin kusa da na asali shi ne feda. Idan an sauko daga 622 x 40 zuwa 584 x 42, tsayi ya tashi daga 702 zuwa 668, keke ya sauka ƙasa da milimita 17, feda ta fara bugun ƙasa a kwana da kan kunya.

Ɗan Tsere:
Amma kar a raina 29 ga wanda zai sayi keke sabo. Babban wili yana haye rami da tsakuwa cikin sauƙi, yana riƙe gudu, kuma wurin da yake taɓa ƙasa ya fi tsawo. A doguwar hanyar burji 29 x 2.25 ta fi 26 x 2.25, ba tantama.

Baba Mai Gyara:
Ga dogon mutum marar kaya, haka ne. Ga mai ɗaukar buhu, 26 ya fi ƙarfi, domin sifok ɗinsa gajeru ne, suna tokare rim ta gefe da kyau. Ga gajeren mutum kuma 29 yakan sa yatsun ƙafa su taɓa tayar gaba in an karya kan keke sosai. Sannan giya tana ƙara nauyi: zagaye ɗaya na 26 x 1.95 kusan mita 2.07 ne, na 29 x 2.25 kusan 2.3, ƙarin kashi 11 cikin ɗari. A yashi da kaya za ka ji wannan a gwiwa.

Uwar Gida Mai Keke:
Sannunku da ƙoƙari. Tun da ana maganar faɗi, shin rim yana iya yin faɗi fiye da kima? An ga wani mai 35 a ciki da araha.

Injiniya:
Sosai kuwa, Hajiya, kuma wannan kuskuren ya fi na siririn rim haɗari. Idan rim ya kusa kai faɗin tayar, saman taya yana bajewa. Haƙoran gefe, waɗanda aka yi don kwana, su riƙa taɓa ƙasa a miƙaƙƙiyar hanya suna jan keke baya, in an zo kwana kuma babu sauran haƙori, taya ta zame ba gargaɗi. Kuncin taya, inda roba ta fi siranta, ya fito fili dutse ya yanka. Bakin rim ma ya rasa abin da ke kare shi. In taya ta yi siranta ƙwarai, tana iya fita daga rim da iska a ciki.

Abin da aka fi amfani da shi, duk faɗin ciki nake faɗa: 17 zuwa 19 don taya mai milimita 28 zuwa 45. 21 zuwa 25 don milimita 35 zuwa 55, wato har inci 2.1 ko 2.2. 25 zuwa 30 don 2.2 zuwa 2.5. 30 zuwa 35 don 2.4 zuwa 2.8. Maxxis ma suna da tayoyin da suke rubuta wa WT, an tsara haƙoransu ne musamman don rim 30 zuwa 35. 35 zuwa 45 don 2.8 zuwa 3.0. Manyan nan masu 3.8 zuwa 5 kuwa rim 65 zuwa 100 suke hawa. Jeren yana shiga juna da gangan, ba layi ba ne da aka ja da wuƙa. Mai 35 ɗin da kika gani, in tayarki ba ta kai 2.4 ba, ki bar musu abinsu.

Ɗan Ƙauye:
To su masu taya 4.0 ɗin fa, ba su ne maganin yashi ba?

Malamin Lissafi:
Su ne, amma keke ne daban tun daga tushe, ba gyara ba. Kamfanin Surly ya fito da keken Pugsley a 2005 da rim mai milimita 65, daga nan abin ya bazu. Irinsu faɗin gidan fedarsu milimita 100 ne maimakon 68 ko 73, hob na baya kuma 170 zuwa 197 a yawancinsu maimakon 135 irin naka, duk don kaca ta kauce wa taya. A yashi iskarsu 5 zuwa 10 psi ce. Taya ɗaya ta wuce kilo ɗaya, a kwalta kuma jan ta wahala ne. Ga hanya rabi burji rabi yashi, ba lallai ba ne.

Mai Faci:
A yi maganar iska, don a nan ake fasa rim. Taya mai faɗi ba ta son iska mai yawa, kuma ƙarfin da take tura leɓen rim da shi yana ƙaruwa da faɗinta. 60 psi a taya mai inci 2.3 ya fi 60 psi a taya mai milimita 32 wahalar da rim nesa ba kusa ba. Idan birki ya riga ya cinye gefen rim, nan yake tsagewa ya buɗe. Duk rim ɗin da ka ɗora rula a gefensa ka ga ya yi kwarmi, ya gama aiki. Injin iskar mota yana cika tayar keke cikin daƙiƙa kaɗan, gara famfon hannu mai agogo. Keken da aka cika da asuba aka bar shi a rana a watan Afrilu, iskarsa tana ƙaruwa da 'yan psi, shi ya sa ba a cikawa har iyakar da aka rubuta.

Ga mutum mai kilo 65 zuwa 75 da taya 2.1 zuwa 2.25 mai tiyub: gaba 26 zuwa 30, baya 32 zuwa 36. In an ɗora kilo 25, baya ya koma wajen 40. A yashi tsantsa a sauke kamar 5 a kowanne, a fito burji a mayar. In aka bar ta ƙasa aka faɗa rami, rim zai cije tiyub ya yi huji biyu a jere.

Tiyub ma a sauya. Wanda aka rubuta wa 1.5 zuwa 1.75 in aka sa shi cikin 2.25 yana miƙewa ya yi siriri, tsidau ɗaya ya isa. A sayi mai 1.9 zuwa 2.125 ko sama. A duba ramin bawul: siririn bawul ramin milimita 6.5 yake so, irin na mota 8.5. Robar da ke rufe kawunan sifok ta cika faɗin cikin sabon rim, tsohuwar ta 19 za ta zame ta bar rami a buɗe.

Ɗan Tsere:
Taya marar tiyub ita ce ke ba da damar sauka 20 psi ba tsoron cizo, ruwan toshe huji kuma yana maganin ƙaya. Amma sai rim da taya duka an yi su don haka, a zuba mililita 60 zuwa 90 a kowace taya irin wannan, kuma a zafin Arewa ruwan yana bushewa da wuri, sai an duba duk wata biyu. A rim na birkin V na gwanjo ban ba da shawara ba.

Ɗan Ƙauye:
An fahimta. An tsaya a kan 559, taya 2.1 ko 2.25. In za a sauya rim zuwa 23 ko 25, ana iya amfani da hob da sifok na yanzu?

Baba Mai Gyara:
Hob eh, in ramukansa sun yi daidai da na rim. Ƙirga su: 36 da 36, ko 32 da 32, ba a haɗa su gauraye. Don kaya 36 ya fi. Sifok kuwa ya danganta da zurfin sabon rim, ba faɗinsa ba. Rim biyu duk 559 suna iya bambanta da milimita da yawa a inda kan sifok ke zama, musamman in tsohon mai bango ɗaya ne sabon mai bango biyu. Ɗauki mai bango biyu, ya fi jure kaya. Kuskuren milimita 2 a tsawon sifok ya isa ɓata aiki: in ya yi gajere zaren noti kaɗan ne zai kama, ya tsinke, in ya yi tsawo noti ya ƙure kafin ya ɗaure, ko tsinin ya huda tiyub. A wilin baya mai giya, na gefen kaca sukan fi na ɗaya gefen gajarta da milimita 1 zuwa 2, kar a cakuɗa su.

In zurfin ya zo ɗaya kuma sifok ɗin ba su yi tsatsa ba, a jingina sabon rim a jikin tsohon, ramin bawul daidai da ramin bawul, a ɗaure su da salatif, a sassauta duk noti, sannan a riƙa mayar da sifok ɗaya bayan ɗaya. In sababbi za a saya, a nemi masu kaurin milimita 2.0 marasa tsatsa, na baya ma 2.3 in ramin hob zai ɗauka, a saƙa su gicciye uku. Bayan ɗauri a matse sifok bibbiyu da hannu zagaye guda, a sake saiti, a tabbata rim yana tsakiyar firem daidai, domin karkatar milimita 2 kawai za ta cinye kashi ɗaya cikin uku na tazarar da aka bari.

Kuma ka fara da taya kaɗai. Sa 2.25 a rim ɗinka na 19, bar ta ta kwana da iska don takan ƙara buɗewa kaɗan, sake zura alankin nan, ka gwada da kayan a 35 psi. In bayan bai yi lilo a kwana ba, kuɗin rim ya huta. In ya yi, rim ɗin baya kawai za a sauya zuwa 23, na gaba ya zauna yadda yake.